Yadda na gyara furannin takarda masu sunkuyawa

Muna haɗa furannin takardar kirif, wato takardar ado mai tamoji da ke miƙewa idan an ja ta, don ƙawata bangon zauren unguwarmu saboda Ranar Yara, 27 ga Mayu. Matsalar ita ce, da an ɗaura fure a jikin waya, kafin gari ya waye ganyayensa sun sunkuya, wasu ma sun zame.

Da farko na zargi gam, na ƙara shi, sai takardar ta jiƙe, launinta ya zuba. Na fesa sitaci, abin ya ƙara lalacewa. Waya mai kauri ma ba ta hana komai ba.

Ashe a wajen yanka matsalar take. Takardar kirif tana da siraran layuka da suka bi gefe guda, su ne ƙarfinta. Dole layukan su tashi daga gindin ganye zuwa samansa, kada a yanka ganyen ta yadda layukan za su gitta shi a kwance. Na koma takardar kirif mai kauri, wadda ake kira mai giram 180, domin mai laushin nan ba ta jure danshin farkon damina. Bayan yanka, na sa manyan yatsuna biyu a tsakiyar kowane ganye, na ja a hankali zuwa gefe har ya yi zurfi kamar cokali. Bakin ganyen ban taɓa shi ba. Gam kuma ɗigo ɗaya a gindi kawai.

Sai tef ɗin nan kore na naɗe waya: ba ya kamawa sai an ja shi ana naɗewa, a karkace, daga gindin fure zuwa ƙasa.

Alhamdulillahi, furannin sun tsaya kyam, na gode wa matan da suka zauna muka sake yankan tare.