Ruwan irin naman kaza: kada zumar ta yi yawa

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga masu son haɗa ruwan irin naman kaza a gida (ruwan zuma da ake rainon saiwar naman kaza a ciki, don a yi iri da shi), musamman nau'in oista: zuma giram 20 ta ishi rabin litar ruwa. Kada ku ƙara da nufin saiwar ta yi saurin girma, zaƙi in ya yi yawa danne ta yake yi.

Ku zuba a kwalba, ku huda murfin ku toshe da auduga don ta riƙa shan iska, sannan ku dafa a tukunyar furesha minti 20. Tafasawa a tukunyar gida ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta. In kuma aka daɗe ana dafawa, zumar takan ƙone ruwan ya yi ja. Sai ya huce sarai za a sa iri da sabon sirinji, a ɗakin da babu iska, bayan an goge hannu da sifirit.

Kullum ku ɗan girgiza kwalbar. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ku ga farin abu kamar auduga yana yawo, shi ne saiwar, ruwan kuma garau. In ya yi duhu-duhu, ko ya yi tsami, ko kore ya fito a sama, a zubar kawai, ba ya gyaruwa.

Zafin bazara ne babbar matsalarmu. Saiwar ta fi son digiri 24 zuwa 27, don haka ku ajiye kwalbar a gindin randa.

Kafin ku zuba ruwan irin a dawa mai yawa don saiwar ta yaɗu a cikinta, ku gwada a ƙaramar kwalba ɗaya ta dafaffiyar dawa, ku jira mako guda ku ga ko irin yana da kyau.