Ga masu haɗa amfilifayar jita ta 5E3: yadda za a rage ƙazantar sauti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ya haɗa kwafin Fender Tweed Deluxe, wato 5E3, ya san halinta: da an ɗan murɗa ƙara sai sauti ya dagule, ƙasansa ya yi ta gurnani. Haka aka gina ta. Amma ana iya ladabtar da ita.

Fara da mafi sauƙi. Duba bawul na farko, wato kwalbar gilashin da ke fara ƙara ƙarfin sautin jita. Idan 12AX7 aka sa maka, cire shi ka sa 12AY7, wanda shi ne na asali. Ƙarfin ƙara sautin 12AX7 ya kai 100, na 12AY7 bai wuce 45 ba. Ko ƙarfen narkar da dalma ba sai ka ɗauko ba.

In gurnanin bai tafi ba, koma kan kafasitocin da ke miƙa sauti daga mataki zuwa mataki. Yawancin na asali 0.1µF ne, suna sakin ƙasan sauti da yawa, shi ke cushe bawul biyun 6V6 masu tura sauti zuwa lasifika. Ni na mayar da su 0.022µF, nan take jita ta fito tas. Kafasitar 25µF da ke haɗe da ƙafar bawul da ake kira katod ma a rage ta zuwa 4.7µF. Canza abu ɗaya, ka saurara, sannan ka ci gaba, in ba haka ba ba za ka gane wanda ya yi aiki ba.

Wasu na sa GZ34 a madadin 5Y3, bawul ɗin da ke mayar da wutar AC zuwa DC. Yana ɗaga wuta, bawul na iya wahala, ni ban cika so ba.

Don Allah kafin ka sa hannu ciki, zare filogi, ka sauke cajin manyan kafasitoci ta rezista, ka auna da mitar auna bolt. Suna iya riƙe sama da bolt 300 ko an kashe.