Yadda Za A Kula Da Bakin Dattijo Da Ƙwaƙwalwarsa A Tare

Mai kula da dattijo yakan sa ido a kan hawan jini da ciwon suga da ciwon gaɓoɓi, amma ba kasafai yake tuna ya duba cikin baki ba, alhali akwai dangantaka tsakanin lafiyar baki da raguwar kaifin ƙwaƙwalwa. A shekarar 2021, masu bincike a Jami'ar Niyok da ke Amurka sun tattara nazarce-nazarce 14 da suka shafi mutum fiye da 34,000, suka gano cewa waɗanda haƙoransu suka fi zubewa sun fi shiga haɗarin raunin tunani da cutar mantuwa, kuma wannan haɗarin bai fito fili ba a wurin masu sa haƙoran roba. Tun a 2019 ma an ba da rahoton samun ƙwayar cutar dasashi mai suna Porphyromonas gingivalis a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da cutar Alzaima, wato wani nau'in cutar mantuwa. Wannan bai tabbatar da cewa ciwon dasashi ne ke haddasa mantuwa ba, domin abin yana tafiya ta fuska biyu: ana zaton kumburin da ya daɗe a dasashi yana taɓa ƙwaƙwalwa ta hanyar jini, shi kuma wanda mantuwa ta fara kamawa yakan daina goge baki.

Saboda haka, aikin farko shi ne dubawa. Sau ɗaya a mako, a wuri mai haske, ka nemi izininsa cikin ladabi ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashin. Idan ya yi ja ya kumbura, ko yana fitar da jini, ko wani haƙori yana girgiɗi, ko baki yana wari duk da an wanke, to lokacin ganin likitan haƙori ya yi. Ka duba buroshinsa ma. Buroshin da ka tarar a bushe ƙayau da hantsi, a hannun mutumin da a da bai taɓa tsallake goge baki ba, alama ce da ni nake ɗauka da muhimmanci, kuma ya kamata a ambace ta ga likitan da ke duba shi.

A goge haƙora sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, ana karkata buroshin wajen da haƙori ya haɗu da dasashi, domin a nan dauɗa take maƙalewa. A canza buroshi duk bayan wata uku.

Wahalar takan zo ne idan mantuwa ta riga ta shiga. Kada ka tsaya a gabansa kana cusa masa abu a baki, domin zai tsorata ya dantse haƙora. Zaunar da shi, ka zauna a gefensa da naka buroshin kana gogewa yana kwaikwayonka, kana faɗin mataki ɗaya-ɗaya: a riƙe, a goge na sama, a tofar. Idan hannunsa ya tsaya, ɗora naka a kan nasa ka taimaka masa, idan kuma ya ƙi sam, ka ƙyale shi zuwa an jima maimakon ku yi ja-in-ja.

Haƙoran roba a cire su da dare, a wanke, a jiƙa su a ruwa mai tsabta, idan kuma sun yi sako-sako a kai su a gyara, domin wanda ba ya iya tauna yakan rage cin abinci har ya rame. Magunguna da yawa na tsofaffi suna busar da miyau, miyau kuwa shi ne ke kare haƙora daga ruɓewa, don haka a riƙa ba shi ruwa yana kurɓa a kai a kai, a rage masa kayan zaƙi, sannan a tafi da dukkan magungunansa ranar da za a ga likitan haƙori.