Kafin ka shigar da ƙara, nemo adireshin mutumin tukuna

Jama'a ga wata 'yar shawara. In za ka kai wani ƙara kan bashi ko rikicin fili, kar ka biya ko sisi a ofishin rajistar kotu sai ka tabbatar da cikakken sunansa da inda yake kwana ko aiki.

Dalili kuwa, alƙali ba zai saurari ƙara ba sai an nuna masa shaidar cewa sammaci ya isa hannun wanda ake ƙara. Ni sau 2 ana ɗage min zama don na rubuta sunan unguwa kawai, masinjan kotu ya je ya yi ta yawo ya dawo hannu rabbana, ga kuɗin mota ga na lauya duk a kaina.

Rubuta lambar gida da wata alama ta kusa. In kamfani ne sa sunan da aka yi masa rajista da shi, ba na kan allo ba. Ka kuma riƙe kwafin takardar ƙarar mai hatimin kotu.

Amma fa in mutumin ɓuya yake da gangan, wannan ba zai yi ba. Sai lauyanka ya roƙi kotu izinin liƙa sammacin a ƙofarsa ko bugawa a jarida.