Yadda Nake Auna Tsohon Mai Jifa Kafin a Sa Shi Cikin Karɓa-karɓa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Bronx, a birnin New York, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa filin ƙungiyar Yankees, kuma rediyon motata ba ya barin wasan besbol tun daga Afrilu har Oktoba. Duk lokacin hunturu gardama ɗaya ake yi: mai jifan nan (ɗan wasan da ke jefa wa mai bugu ƙwallo) da ya haura shekara 35, a ɗauko shi ko a ƙyale shi? Ga yadda ni nake duba shi kafin a sa shi cikin karɓa-karɓa, wato jerin masu jifan da ke fara wasa bi da bi.

Fara da ajiye sunansa gefe, har da yawan nasarorin da aka rubuta masa. A 2018 Jacob deGrom na ƙungiyar Mets ya ƙare kakar wasa da nasara 10, faɗuwa 9, amma shi aka ba kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, don maki 1.70 kacal ake ci a kansa cikin kowane zango tara, wato tsawon cikakken wasa ɗaya. 'Yan ƙungiyarsa ne ba sa buga masa abin kirki. Abin da za ka ƙirga shi ne masu bugu nawa yake kora bayan sun kuskure jifa uku, nawa kuma yake bari su taka tushen farko kyauta saboda jifansa ya kauce. In na farkon yana raguwa na biyun yana ƙaruwa shekara biyu a jere, ƙarfi ya fara tafiya.

Raguwar gudun ƙwallo ba ta tayar mini da hankali, kowa zai tsufa. Abin da nake so in sani shi ne, ya koyi sabuwar dabara? CC Sabathia, mai jifan Yankees, da idona na gan shi. Da gwiwarsa ta dama ta matsa masa, jifansa ya yi sanyi, a tashar jirgi ta titi na 161 da ke kusa da filin kowa cewa yake ya ƙare. Sai ya koyi jifan nan mai karkacewa dab da sanda, tsohon mai jifan Yankees Andy Pettitte ya taya shi gyara shi. Wata rana ina zaune ta wajen tushe na uku, na ga ƙwallo ta shige wa mai bugu kusa da hannu, sanda ta yi ƙas kamar an taka busasshen kara, ƙwallon ta gangara a hankali har hannun mai tsaro. Da wannan ya kai 2019, shekarar da ya cika mutum 3,000 da ya kora.

Sai lafiyar hannu. Justin Verlander an yi masa tiyatar jijiyar gwiwar hannu a 2020, ya dawo a 2022 yana da shekara 39 ya ɗauki Cy Young. Irinsa ba su da yawa, kada ka gina gida a kan haka. Mets sun haɗa shi da Max Scherzer a 2023, kowanne yana karɓar sama da dala miliyan 43 a shekara. Zuwa farkon Agusta duk sun rabu da su, Mets ɗin suka ƙare kakar da nasara 75, faɗuwa 87. Ni dai tsoho kwantiragin shekara ɗaya nake ba shi.

Wajen tsara karɓa-karɓa, wasa 162 ne, masu farawa biyar, kowa kusan wasa 32 da hutun kwana huɗu a tsakani. Amma ka tanadi bakwai ko takwas, don da wuya biyar ɗin farko su kai Satumba lafiya lau. Kada ka jera tsofaffi biyu a kwana biyu masu bin juna: kowannensu zango biyar zai yi ya sauka, masu jifan agaji su galabaita. Sa matashi mai juriya a tsakaninsu. Idan masu bugu sun zagayo kansa karo na uku, sun riga sun karance shi, sai ka sa wani ya fara ɗumama hannu. Ranar da babu wasa, bar masa ita ta zama ƙarin hutu, musamman yanzu da agogon jifa da aka kawo a 2023 ba ya barinsa ya numfasa tsakanin jifa da jifa.

Ka kuma duba filinka. A namu na Yankees, katangar dama ƙafa 314 ce kawai daga mai bugu, don haka tsohon da ake yawan ɗaga masa ƙwallo sama ba na nan ba ne, ƙwallon tsallake katangar za ta riƙa yi ana cin maki. Bahago mai sa a buga ta ƙasa nake nema.