Yadda masta zai yi idan yaro ya kawo maganar haɗari a wurin aiki

A garejojin Suame Magazine da shagunan kafintoci na Sokoban a Kumasi, sau da yawa wani ya riga ya ga alamar haɗari kafin ya auku: waya ta kwaile, jek yana zamewa, tukunyar gas tana yoyo. Abin da ke hana shi magana shi ne tsoron a ce masa rago. In kai ne masta ko helma, ga yadda za ka bi.

Da farko, ajiye abin da ke hannunka ka saurara. Kada ka fara da "wa ya jawo?", wannan tambayar tana iya jira. Ka ce masa, "Madalla, zo ka nuna mini." Sauran yara suna kallon fuskarka a lokacin, kuma in ka yi wa na farko tsawa, na biyu ba zai zo ba.

Sai ka je ka gani da idonka. In abin na iya cin rai, tsayar da aikin nan take, kashe wuta daga mita, janye mutane. In gobara ce, kira 112 ko 192. Mai mota zai yi ƙorafi, bar shi ya yi. Dokar ƙwadago ta Ghana mai lamba 651, ta shekarar 2003, ta ba ma'aikaci dama a sashe na 119 ya sanar da shugabansa ya kuma janye daga aikin da ke barazana ga ransa ko lafiyarsa. Ba ka da ikon korarsa ko yanke masa albashi saboda haka, kuma ba za ka mayar da shi wurin ba sai an kawar da haɗarin. Masta da yawa suna ɗauka wannan doka ta manyan kamfanoni ce kawai, alhali ba haka ba ne.

Rubuta rana, wurin, abin da aka gani da wanda zai gyara. Littafin makaranta ma ya isa.

Gyara kuwa ya zama na gaskiya. Naɗa leda a kan waya ba gyara ba ne. A kira mai wuta ya canja ta. In kuɗin ya fi ƙarfinka, kai wa maigida maganar a ranar, injin kuma ya zauna a kulle.

Bayan an gama, koma wurin wanda ya kawo maganar ka nuna masa abin da aka yi. In kuwa har wani ya ji rauni, sashe na 120 ya wajabta wa maigida sanar da hukuma cikin kwana 7.