Idan LinkedIn ya cire maka kuɗi ba zato

Yawanci gwajin kyauta na Premium (tsarin LinkedIn na biyan kuɗi) ne ya ƙare, katin da ka saka ya biya kuɗin wata na gaba da kansa. Ɗaliban ABU Zariya masu neman aiki na iya faɗawa cikin wannan.

1. Ɗauki hoton alat ɗin banki, kwanan wata da adadin su fito sarai.

2. Duba ta inda ka biya. In ta App Store ne a iPhone, Apple za ka nema, don LinkedIn ba ya iya mayar da wannan kuɗin.

3. Soke rajistar a saitin asusunka. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar.

4. Nemi a mayar maka ta shafin taimakon LinkedIn cikin kwana 7 da cire kuɗin, kuma kada ka taɓa kayan Premium kafin nan, ko da saƙon InMail (saƙo ga wanda ba ku haɗu ba a LinkedIn) guda ne.

5. In ba kai ka yi rajistar ba, toshe katin nan take, ka je reshen bankinka a PZ ko Samaru a Zariya ka cike fom ɗin ƙorafi, ka karɓi lambar shaida. Mako 2 ba bayani, rubuta wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya (CBN).